Macizai Masu Hawa a Gidan Bahaushe: Suna da Hoto, da Misali Daga Kanya Babba

1.0 Gabatarwa

A wurin Bahaushe maciji abin ƙasa ne. Idan dare ya yi ba ya son kama sunansa, sai ya sakaya ya ce “igiyar ƙasa” ko “abin ƙasa”, idan kuma zai ba shi gurbi cikin halittu sai ya sa shi a sahun masu jan ciki. Horon da ake yi wa yaro game da maciji ma ƙasa yake kallo: ya dubi inda zai taka, kada ya zura hannu a rami, kada ya ɗaga damin kara sai ya bubbuga shi. Amma duk wanda ya zauna ƙauye ya san akwai ranar da ake ɗaga kai a ga maciji kwance bisa katanga, ko saƙale cikin jinka, ko yana leƙowa daga tukunyar tattabaru, ko ma ya faɗo daga reshen darbejiya a tsakiyar masu hira.

Wannan maƙala ta dubi irin waɗannan macizai ne masu hawa, tare da ɗaukar Kanya Babba a matsayin misali. Manufarta ita ce ta nuna cewa sunayen da ke bakin jama'a sun fi kaifi wajen bambance macizan ƙasa, amma idan aka zo kan masu hawa sai suna ɗaya ya lulluɓe marar lahani da mai kisa. Za a kuma nuna cewa hoton da wayar hannu take ɗauka, muddin an haɗa shi da sunan da mutanen wuri suke faɗi, zai amfani mai ƙamus da likita a lokaci guda.

2.0 Kanya Babba da Tsarin Gida

Kanya Babba tana cikin Ƙaramar Hukumar Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kano a 1991. Babura ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar daga arewa, daga yamma kuwa akwai ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, inda ake samun duwatsu da tuddai. Yankin Babura shimfiɗaɗɗe ne mai rairayi, ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi a cikinsa. Damina gajera ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba, kuma itatuwan da suka saba da irin wannan ƙasa su ne gawo da kuka da tsamiya da aduwa da magarya da kurna, da kuma kanya, wadda sunanta yake daidai da na garin.

Abin da yake kawo maciji gida abinci ne da mafaka, kuma gidan manomi yana da duka biyu. Rumbu yana tara hatsi, hatsi yana jawo ɓera. Akurki da tukwanen tattabaru suna da ƙwai da 'yan tsaki. Gindin randa da makwarara suna da laima, laima tana tara kwaɗi. Fitilar da aka rataye a bango, ko ta kananzir ce ko ta hasken rana, tana tara ƙwari, ƙwari su jawo tsaka, tsaka kuma abincin wasu macizai ce. Dangar kara, da zana, da tarin itacen girki, da yaɗon kabewa ko duma da ya haye rumfa, duk tsani ne ga maciji. Sauya gini daga ƙasa da azara zuwa bulo da kwano bai kawar da matsalar ba, domin tsakanin kwano da silin ɓeraye da jemagu suna samun masauki, mai cinsu kuwa yakan biyo sawu.

3.0 Sunan Maciji da Sunayen Macizai

Kalmar “maciji” kanta tana da abin lura. Daga aikatau “ciza” ta samu, bisa tsarin da ya ba da “manomi” daga “noma” da “maɗinki” daga “ɗinka”, sai harafin z ya koma j saboda wasalin i da ya biyo baya, kamar yadda ake cewa “ya ciji yaro”. A jam'i kuwa z yana dawowa, a ce “macizai”. Ashe ke nan sunan siffantawa ne, watau mai cizo. Duk da haka, Bahaushe ya fi cewa maciji ya “sari” mutum, kamar yadda yake cewa kunama ta “harbe” shi. Harshen yana da kalmomi na musamman ga halayen wannan dabba: maciji yakan yi gammo, ya yi huci, ya yi saɓa, ya sulale, kumurci kuma ya fasa kai.

Idan aka dubi sunayen jinsi, za a ga waɗanda suka fi tabbata a bakin jama'a su ne na macizan da manomi ke takawa. Kasa sananniya ce da kauri da gajarta da nauyin jiki, har ana yi wa mai yawan barci ba'a da ita. Kububuwa ƙarama ce mai zane, wadda dafinta yake hana jini daskarewa, shi ya sa ake yi mata laƙabi da “gobe da nisa”. Mesa ba ta ɓoyuwa saboda girmanta. Waɗannan uku da wuya babban mutum ya rikita su.

Rikici yana farawa ne daga masu fasa kai. Akwai “kumurci”, akwai “gamsheƙa”, amma abin da wani gari ya kira kumurci wani garin gamsheƙa yake ce masa, alhali kuwa masana dabbobi sun bambance mai tsarto dafi a ido da wanda ba ya tsartowa. Idan aka zo kan sirara masu hawa, sai a ji “damatsiri” ga kore, “tsadaraki” ga dogo siriri, daga nan kuma sai siffantawa kawai: koren maciji, macijin itace, macijin jinka. Wannan ba aibin Hausa ba ne ita kaɗai, haka harsuna suke. Ko darbejiya ma a wasu wurare dogon yaro ce, a wasu maina, a Nijar kuma bedi. Bambancin shi ne ruɗanin sunan itace ba ya kai kowa kushewa.

Ƙamusoshin da ake dogaro da su, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sun adana sunayen macizai masu yawa, kuma wannan babban aiki ne. Sai dai mai ƙamus masanin harshe ne, abin da aka faɗa masa yake rubutawa, sau da yawa ba tare da ya ga dabbar ba. Saboda haka bayanin yakan tsaya ga launi da tsawo da ko maciji yana da dafi, abin da bai isa a gane jinsi da shi ba.

4.0 Yadda Maciji Yake Hawa

Tambayar da yara suka fi yi ita ce yadda abin da ba shi da hannu ba shi da ƙafa yake hawa bango. Amsar tana cikin maciji. A can akwai faffaɗan ɓawo jere bi da bi tun daga wuya har gindin wutsiya, kowane ɗaya bakinsa yana kallon baya, kuma tsoka tana iya ɗan ɗaga shi ya maƙale a duk wani kaushi. Bangon ƙasa da ruwa ya zaizaye, da bulon da ba a yi wa shafe ba, da ɓawon kanya ko na tsamiya, duk suna ba shi wurin kamawa. Wasu macizan itace suna da ƙari: gefen ɓawon cikinsu yana da kaifi kamar kusurwa, wanda ke shiga ƙananan tsagogi.

Hanya ta biyu ita ce ta tattarewa da miƙewa. Maciji yakan naɗe bayan jikinsa a reshe ko sanda ya riƙe gam, ya miƙa gaba ya kama wani wuri, sa'an nan ya saki baya ya jawo shi sama. Wani bincike da Greg Byrnes da Bruce Jayne suka buga a 2014 ya nuna macizai masu hawa ta wannan hanya suna matse abin da suke hawa da ƙarfin da ya kai kimanin ninki uku na wanda zai hana su zamewa. Hanya ta uku ita ce tsallake rata: siririn maciji yana iya miƙa wani babban kaso na jikinsa a iska daga reshe zuwa rufin ɗaki.

Misalin da ya fi shahara a duniya shi ne na tsibirin Guwam a tekun Fasifik. Wani macijin itace mai launin ƙasa ya isa tsibirin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya yaɗu, ya ƙarar da mafi yawan tsuntsayen dajin wurin, yana kuma hawa turakun lantarki yana jawo ɗaukewar wuta. A 2021 masu bincike suka bayyana cewa yana iya ɗaure jikinsa kamar zarge a jikin santsin bututu ya riƙa matsawa sama kaɗan kaɗan. Darasin da mai gida zai ɗauka a nan mai sauƙi ne: bango mai shafe ya fi wuyar hawa, amma reshen da ya taɓa rufi gada ce, haka ma itacen girki da aka jingina da katanga.

5.0 Macizai Huɗu da Ake Iya Gani a Sama

5.1 Kore marar lahani. Mafi yawan korayen macizan da ake gani a danga da yaɗo da ƙananan rassa a ƙasar Hausa suna cikin dangin da masana ke kira Philothamnus. Sirara ne ƙwarai, da wuya su wuce mita ɗaya, jikinsu sumul, da rana suke yawo, abincinsu tsaka da ƙananan ƙadangaru da kwaɗi. Ba su da dafin da zai cuci mutum. Su ne suka fi dacewa da sunan damatsiri, kuma su ne aka fi kashewa a banza. Korayen mamba da ake jin labarinsu macizan kurmi ne na kudu, ba na ƙasar rairayi irin ta Babura ba.

5.2 Kore mai kisa. Akwai kuma wanda masana ke kira Dispholidus typus, wanda a Afirka ta Kudu ake ce wa “bumsilang”, ma'ana macijin itace. Yana zaune a dazuzzukan sabana na Afirka, har da na arewacin Nijeriya. Namiji yakan zama kore, mace kuwa mai launin ƙasa, tsawonsa yakan kai mita ɗaya da rabi. Kansa gajere ne kamar ƙwai, idanunsa manya ƙwarai, ɓawon bayansa yana da kaushi. Yana bin sheƙar tsuntsaye da hawainiya, kuma mai gudun mutum ne, da wuya ya sari wanda bai kama shi ba. Amma dafinsa yana tsinka jini, kuma alamun sukan yi jinkirin sa'o'i kafin su bayyana, har wanda aka sara ya ɗauka ya tsira. A 1957 Karl Schmidt, shahararren masanin macizai na gidan adana kayan halitta na Field da ke Shikago, ya riƙe wani ɗan ƙarami domin ya tantance jinsinsa, sai ya sare shi a yatsa. Ya zauna yana rubuta abin da yake ji a jikinsa, washegari ya rasu. Idan gwani irin wannan ya raina shi, to, ina ga wanda abin da ya sani kawai shi ne “koren maciji ba ya kisa”?

5.3 Mai shan ƙwai. Wannan ɗan ƙaramin maciji, na dangin Dasypeltis, yana hawa itace da bango da dare domin neman ƙwan tsuntsaye. Kusan ba shi da haƙora. Yakan haɗiye ƙwai sukutum, wasu tsinin ƙashin bayansa su fasa shi a maƙogwaro, ya tsotse ruwan ya amayar da ɓawon a dunƙule. Mai tattabaru da ya tarar da irin wannan dunƙulen ɓawo ya san baƙon da ya ziyarce shi. Abin sha'awa shi ne zanen jikinsa ya yi kama da na kububuwa, kuma idan ya tsorata yakan goga jikinsa da jikinsa ya fitar da ƙara irin tata. Kwaikwayon yana korar masu farautarsa, amma a gidan mutane shi yake jawo masa sanda. Ita kububuwar ta gaskiya, kamar kasa, akasarin rayuwarta a ƙasa take yi.

5.4 Baƙi mai tsarto dafi. Wannan shi ne Naja nigricollis, wanda da yawa ke kira kumurci, kuma shi ne mafi haɗari cikin masu shiga gida. Gwanin hawa ne, da dare yake farauta, yana bin ɓera da kwaɗo da ƙwai da 'yan tsaki har cikin ɗaki. Binciken da David Warrell da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970 ya nuna da yawa daga waɗanda ya sara suna barci ne a cikin gidajensu. Pugh da Theakston da abokan aikinsu sun sake nazarin karon mutane da shi a ƙasar Malumfashi, aka buga sakamakon a 1980. Saransa yana kawo kumburi da ruɓewar nama, yana kuma iya tsarto dafi a idon mutum daga nisan mita biyu ko fiye. Idan hakan ya faru sai a wanke idon nan take da ruwa mai yawa, idan babu ruwa ko da madara, a kuma nufi asibiti, domin gyambon ido yana iya kaiwa ga makanta.

Ga macizai huɗu ke nan, biyu marasa lahani, biyu masu haɗari, kuma kowane marar lahani yana da mai haɗarin da ya yi kama da shi. Launi kaɗai, wanda a kansa aka gina yawancin siffantawar baka, bai isa hujja ba.

6.0 Macijin Gida a Al'ada da Addini

Bahaushe bai ɗauki macijin da ya shigo gida daidai da na gona ba. Tun kafin Musulunci ya kafu akwai alaƙa tsakanin maciji da iskoki. Labarin Bayajida ya ginu ne a kan macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, garin da ba shi da nisa da wannan yanki, a cikin bori kuma Danko ɗan Musa iska ne da ake dangantawa da maciji. Har yau akwai gidajen da idan maciji ya daɗe yana zaune a rumbu ko kogon kuka ba ya taɓa kowa, sai a ce na gida ne, a ƙyale shi.

A ɓangaren addini, Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim sun kawo hadisin Abu Sa'idil Khudri game da wani saurayi a Madina da ya soke maciji a ɗakinsa ya mutu tare da shi, daga nan aka yi umarni a yi wa macizan gida gargaɗi kwana uku kafin a kashe su. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun zaure, ta bayyana cewa hukuncin na Madina ne, yin haka a sauran garuruwa abu ne mai kyau, amma macijin daji ba ya bukatar gargaɗi. Watau al'ada da addini duka sun san akwai tsaiko tsakanin ganin maciji da ɗaga sanda.

Sai dai abin da aka fi gani a aikace shi ne ihu da jifa. Karin magana ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ana gargaɗi kada a kashe maciji a bar kansa. Tsoron yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 suke mutuwa duk shekara saboda saran maciji, kuma a 2017 ta sa shi cikin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Amma kisan kan mai uwa da wabi yana da nasa hasara. Mutane da dama ana saransu ne wajen ƙoƙarin kisa, mai ɗaga kai ya zunguri kumurci a jinka ya miƙa masa idonsa, kuma macizan da ke rage ɓerayen rumbu suna tafiya tare da masu laifi.

7.0 Hoto a Matsayin Shaida

A da, mai son sanin wane maciji ne ake kira tsadaraki a Roni, ko kuma shi ne tsadarakin Babura, sai ya sami gawar macijin, ya zuba ta a kwalba, ya kai wa masani. Yanzu wayar hannu mai kyamara ta shiga ƙauyuka, kuma da ita za a iya yin wannan aiki ba tare da an taɓa dabbar ba. Akwai sharuɗɗa da ya kamata a kiyaye.

Na farko, nisa. Kada a matsa kusa da mita uku, a yi amfani da abin jawo hoto na wayar, kada kuma a tsaya ƙarƙashin maciji ko a tare masa hanyar fita. Na biyu, a nemi hoton kai daga gefe domin a ga girman ido, da na zanen baya, da na jiki gaba ɗaya tare da wani sanannen abu a kusa, kamar bulo ko azara, wanda zai nuna girma. Na uku, idan an riga an kashe macijin, a juya shi da doguwar sanda a ɗauki cikinsa, kada a sa hannu, domin kan maciji yana iya sara ko bayan an datse shi. Na huɗu, kuma shi ne wanda ya shafi masu nazarin harshe, a rubuta rana da lokaci da unguwa da inda aka gan shi, a tambayi dattijo ko mafarauci ko gardin maciji sunan da yake kiransa, a rubuta yadda ya faɗa, ba yadda littafi ya ce ba. Hoton da ba shi da suna na masanin dabbobi ne shi kaɗai, sunan da ba shi da hoto kuwa shi ne inda ƙamus ya tsaya tun 1934.

Amfanin hoto ga asibiti a fili yake, domin makarin dafi ba iri ɗaya ba ne. EchiTAb-G, wanda ake yi a Birtaniya, na dafin kububuwa ne. EchiTAb-Plus-ICP, wanda ake yi a Kosta Rika, ya haɗa kububuwa da kasa da kumurci mai tsarto dafi. Shi kuwa koren nan mai manyan idanu makarinsa daban ne, a Afirka ta Kudu ake yinsa. Duk da haka likita ba ya dogara da hoto kaɗai. Yana duba alamu, yana kuma ɗibar jini a kwalba mai tsabta ya ajiye minti 20 ya ga ko zai daskare, gwajin da aikin Warrell a arewacin Nijeriya ya yaɗa. Saboda haka ba a jinkirta tafiya asibiti don neman hoto, ba a kuma bin maciji cikin duhu. Ɗaurin tamau da tsaga da tsotsa da baƙin dutse duk an gwada su ba su cire dafi, ɗaurin ma yakan ƙara ruɓar da gaɓa. Nijeriya tana da ƙwarewa a wannan fage, daga asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe zuwa binciken Farfesa Abdulrazaq Habib a Jami'ar Bayero ta Kano, kuma sanin wane maciji ne yake zaune a wane yanki yana taimaka wa masu raba magani.

Wannan aiki bai kamata ya tsaya ga macizai ba. Bayan gida da garka cike suke da halittun da sunayensu suka fara kuɓuce wa yaran birni: kulɓa, da tsaka, da hawainiya, da bushiya, da jaba, da tunku, da kurege. Yaro yakan ji ana cewa damo sarkin haƙuri, amma bai san bambancin damo da guza ba. Shamuwa tana sauka bisa itatuwan gari gab da faɗuwar damina, kuma hoto mai kwanan wata, shekara bayan shekara, zai nuna ko lokacin zuwanta yana sauyawa. Manhajoji irin su iNaturalist, wadda aka fara a 2008, suna ba da damar a sa hoto masana daga ko'ina su tantance jinsi, ko da yake hasashen na'ura yakan yi kuskure, musamman a yankunan da hotunansu ba su da yawa. Haka kuma a yi hattara da hotunan macizan wasu nahiyoyi da ake yaɗawa a WhatsApp a ce a garin nan aka gani.

Akwai kuma ladabin da ya shafi gidan Bahaushe. Cikin gida wurin mata ne, ba a shiga da kyamara sai da izini, ba a kuma ɗaukar mutane a fake da ɗaukar dabba. Mata ne suke ɗibar ƙwai da itacen girki, su ne kuma suka fi karo da macijin gida, saboda haka sunayen da ke bakinsu suna da muhimmanci, kuma ɗalibai mata ne suka fi dacewa su tattara su.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tsarin gidan manomi a wuri irin Kanya Babba yana jawo macizai masu hawa, kuma sunayen da ake kiransu da su ba koyaushe suke raba mai lahani da marar lahani ba. Matakan kariya ba su da tsada: a sare rassan da suka taɓa rufi, a nisanta itacen girki da akurki daga ɗakin kwana, a toshe ramukan ɓera, a kwana bisa gado cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa, a riƙe tocila da dare, musamman a farkon damina da lokacin kaka. Aikin da ya rage na masu nazarin Hausa ne. Idan malaman makarantu da ɗalibansu a Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa suka tara hotuna, kowane ɗaya da sunansa da garinsa, aka miƙa su ga masana harshe da masana dabbobi su zauna tare, za a iya samar da ɗan littafin da zai nuna wa ma'aikacin asibiti abin da majinyaci yake nufi idan ya ce damatsiri ne ya sare shi. Dattawan da suka san waɗannan sunaye suna nan da ransu, kuma yanzu ne lokacin tambayarsu.